Kundin Daminar Bana: Gonar Rano da Takardar da Nake Jira daga Beijin

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta yadda aikin gonarmu ta gado yake tafiya, tun daga sharar gona har zuwa ranar da amfani zai shiga rumbu, idan Allah ya kai mu. Gonar tana wani ƙauye a kudancin Rano, kuma girmanta bai wuce hekta ɗaya da rabi ba. Tun rasuwar mahaifinmu, shekara huɗu ke nan, muna bayar da ita haya, domin ni ina Kano ina koyar da Hausa a makarantar sakandare, Yaya kuma yana fama da shagonsa a Kantin Kwari. Da muka je gaisuwar Sallah a farkon makon nan na zaga ta da ƙafa daga iyaka zuwa iyaka, abin da na gani kuwa bai yi mini daɗi ba. An shekara huɗu ana maimaita masara da dawa a wuri guda ba tare da an zuba ko mangala ɗaya ta taki ba, ƙasar ta kwashe ta yi fari, kuma Baffa ya tabbatar mini cewa bara ƙuduji, ciyawar nan mai tsotse ƙarfin dawa da masara ta saiwa, ya rufe kusurwar gabas har furensa ya fi ganyen dawa yawa. Ban ga laifin masu hayar sosai ba, saboda wanda bai san ko baɗi za a bar masa gona ba, da wuya ya binne kuɗinsa a cikinta.

Shawarar da muka yanke da Yaya ita ce bana mu noma ta da kanmu, ya kawo rabin kuɗi, in kawo rabi, in kuma tsaya a kan aikin. Hekta ɗaya za ta ɗauki masara, rabin hektar da ƙuduji ya fi ci in sa mata waken suya, sannan in ja layi uku na dawa a bakin iyaka saboda Inna, wadda har gobe tuwon dawa ne tuwo a wurinta. Dalilin waken suyar shi ne irin ƙuduji, wanda ƙanƙantarsa kamar ƙura take, yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma yana jiran saiwar dawa ko masara. Saiwar waken suya tana ta da shi ya tsiro, amma ba ya samun abin kamawa a jikinta, sai ya mutu tun bai leƙo waje ba. Ga shi kuma waken yana bar wa ƙasa ƙarfi saboda shukar baɗi.

Akwai aiki na biyu da na daɗe ina ɗagawa. Ina so in yi amfani da dogon hutun bana, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, in kwashe iyalina mu tare a ƙauye, in zauna da dattawan da suka tsufa a bakin garma in naɗi kalmomin noma daga bakinsu. Ɗalibaina na birni ba su san sungumi ba, ba su san bambancin gandu da gayauna ba, kuma masu sanin suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Laraba, 16 ga Afrilu

Jiya bayan sallar isha'i malamina da ya duba mini kundin digiri na biyu a Jami'ar Bayero ya kira ni, abin da bai saba yi ba sai da dalili. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Kana da fasfo kuwa?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, akwai, sai dai wa'adinsa ya ƙare." Ya ce to in tashi tsaye, domin wata jami'a a Beijin da ke koyar da Hausa tana neman ɗan asalin harshe mai digiri na biyu, wanda zai karɓi ajin malamin da kwantiraginsa ke ƙarewa a wannan zango. Aikin na shekara ɗaya ne, ana iya sabuntawa, kuma za a fara a Satumba lokacin da shekarar karatu take buɗewa a can. An nemi ya ba da suna, ya ba da nawa tare da na wani, ya kuma gargaɗe ni da kada in ɗauki maganar a matsayin alkawari.

Na san an daɗe ana koyar da Hausa a ƙasar Sin, tun cikin shekarun 1960, kuma gidan rediyonsu ya buɗe sashen Hausa a 1963, mahaifinmu ma yakan kama shi da daddare. Amma ban taɓa kawo kaina cikin lissafin ba, ban taɓa cike takardar neman aiki a waje ba. Daren jiya barci bai zo da wuri ba. Ba zan ɓoye cewa kuɗi na cikin abin da ya hana ni barcin ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 albashina ba ya kai ni ƙarshen wata sai da bashi. Sai dai akwai wani abu da ya fi wannan ƙarfi a raina: shekara goma sha ɗaya ina koyar da Hausa ga yaran da suke ganin sun riga sun iya, ina so ko sau ɗaya in tsaya gaban waɗanda suka zaɓi harshen da kansu, suka faro shi daga baƙi da wasali.

Na aika da takardun karatuna da tarihin aikina da safen nan. Ban fasa komai a kan gona ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

An gama sassabe da toyi, an kuma fara kai taki. Amalanke goma sha huɗu muka samu, takwas daga rugar Fulanin da ke bayan gari, shida daga turken gidan Baffa, aka jibge su tsibi-tsibi a gefen masara, za a baje idan ruwa ya kusa. Zafin bazara ya kai matuƙa, sai da muka dakatar da shanu tun kafin azahar.

Da yamma na sami Inna a ƙofar ɗakinta na gaya mata maganar. Duk wanda na gaya wa a makon nan sai ya jawo mini zancen neman ilimi ko da a birnin Sin ne, Inna kaɗai ce ba ta jawo shi ba. Ta yi shiru tana gyaran zogale, can ta ce, "Auta, wa zai yanka maka abin da za ka ci, ina kuma za ka yi Juma'a?" Na gaya mata akwai Musulmi masu yawa a ƙasar, akwai gidajen abincinsu, kuma a Beijin ɗin akwai masallacin Niujie wanda ya haura shekara dubu da kafuwa. Ta ce, "To gonar fa?" Na ce gona tana nan, za a shuka. Ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Na cike takardar sabunta fasfo ta intanet, na biya Naira 50,000 na mai shafi 32, bayan na tabbatar sunana ya yi daidai da wanda ke kan lambar shaidar ɗan ƙasa harafi da harafi. Ko aikin ya samu ko bai samu ba, ba a fafe gora ranar tafiya.

Alhamis, 8 ga Mayu

Yau aka yi ganawar, wadda aka ɗaga zuwa bayan hutun ma'aikata da suke yi a farkon Mayu. Beijin tana gabanmu da awa bakwai, don haka ƙarfe uku na yammarsu ya zo daidai da takwas na safiyarmu. Na ari ofishin wani abokina mai lantarkin hasken rana saboda kada wuta ta ba ni kunya, na isa tun shida da rabi. Da hoton ya buɗe sai na ga malamai uku a gaba, ɗalibai shida 'yan aji biyu a bayansu, kowanne da sunan Hausa da aka raɗa masa a rubuce a gabansa. Suka haɗa baki suka ce, "Ina kwana, Malam?" A wurinsu la'asar ce ta kusa, amma sun lissafa cewa a wurina safiya ce. Wannan ɗan abu ya sanyaya mini jiki fiye da yadda zan iya bayyanawa.

An ba ni minti ashirin in gabatar da darasi, na zaɓi karin sauti da tsawon wasali, domin su ne abin da rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa, kuma su ne suke kayar da baƙo. Na zo da kwano cike da garin masara da hoton Ƙofar Nasarawa. Na ɗaga kwanon na ce gari, na ɗaga hoton na ce gari, na sa suka maimaita. Sannan na kawo kuka ta miya da kukan yaro. Abin da ya ba ni mamaki shi ne saurin da suka kama hawa da saukar murya, tun a karo na biyu, saboda harshensu ma da karin sauti yake rarrabe ma'ana, har guda huɗu gare su. Inda suka sha wuya shi ne jan wasali da kuma baƙaƙe masu ƙugiya. Kaya da ƙaya sun zo musu ɗaya, haka kafa da ƙafa. Na sa su riƙe numfashi a maƙogwaro kafin su saki ƙ, wata ɗaliba ta gwada sau uku, a na huɗu ƙaya ta fito tsaf, sai sauran suka tafa mata.

Wani ɗalibi ya yi mini tambayar da ɗalibaina na Kano ba su taɓa yi ba. Ya ce an koya musu cewa sunan da ya ƙare da wasalin a tamace ne, to don me ake cewa ruwa ya zo, gida ya rushe? Na gaya masa gaskiya cewa ƙa'idar tana da 'yan tawaye, irin su ruwa da gida da nama da suna, waɗanda sai dai a haddace su, kuma Bahaushe ba ya kuskure a kansu ko da bai taɓa shiga aji ba. Na ga shugabar sashen tana rubutu a lokacin.

Daga ƙarshe ta tambaye ni da Hausa mai tsabta ko zan iya jure sanyin da ruwa ke daskarewa a cikinsa, da kuma ko iyalina sun yarda in yi shekara ba na nan. Na farkon na amsa da cewa zan koya. Na biyun na ce muna kan shawara, domin ba na son in fara hulɗa da mutane da abin da ba haka yake ba. Sun ce za su sanar da ni.

Asabar, 24 ga Mayu

Makonni biyu babu labari, na mai da hankali kan iri da taki. Ranar Asabar da ta wuce na je Samaru, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, na samo kilo 20 na masara SAMMAZ 15 saboda tana jure ƙuduji, da kilo 25 na waken suya TGx 1448-2E wanda kwansonsa ba ya saurin fashewa idan ya bushe. Wannan sifa ta biyu ban damu da ita ba a watan jiya, amma yanzu ta zama babba a wurina, domin mai yiwuwa ba ni zan tsaya a kan girbin ba, kuma wake mai fashewa ba ya yafe jinkirin mako guda. Da na dawo na ƙirga ƙwayar masara ɗari na shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhun algarara, na riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Casa'in da huɗu suka tsiro.

Taki ne ya tsaya mana a wuya. Abin da malaman gona suke ba da shawara ga hekta ɗaya ta masara ya kai buhu takwas na kamfa da kusan uku na yuriya, mu kuwa ƙarfinmu bai wuce kamfa biyar da yuriya biyu ba, sai supa ɗaya saboda wake. Bana hatsi ya faɗi a kasuwar Dawanau, taki kuma ya hau, manoma da yawa suna cewa sun haƙura da masara. Yaya ya same ni da wannan lissafi, ya ce, "Kai kana shirin tafiya, masara ba ta da kasuwa, kada mu zo mu yi ba tsuntsu ba tarko." Na ce, "Yaya, tafiyar nan har yanzu magana ce a iska, gona kuwa ga ta a ƙasa. Masarar nan ci za mu yi a gidaje uku kafin a yi zancen sayarwa." Ya yi jim, sannan ya ce in sayi takin. Na san bai gamsu duka ba, amma ya ba da kuɗinsa, kuma wannan nauyi ne a kaina.

Lahadi, 8 ga Yuni

Saƙon ya shigo ranar Talata, kwana uku kafin Babbar Sallah. Sashen ya zaɓe ni. Na karanta shi sau biyar a tsaye a ɗakin malamai, sannan na fita bayan aji na yi sujada. Amma a sakin layi na biyu sun bayyana cewa zaɓin sashe mataki ne na farko kawai: sai hukumar jami'a ta amince, sannan a nema mini izinin aiki daga hukumar da ke kula da ma'aikata baƙi, kuma sai takardar sanarwar izinin ta fito zan iya neman bizar aiki, wadda suke kira biza Z. Suna buƙatar shaidar digiri da aka tantance, da shaidar aƙalla shekara biyu a bakin aiki, da takardar 'yan sanda mai nuna ba ni da laifi, da sakamakon gwajin lafiya.

Daren Sallah, bayan an gama suyar nama yara sun yi barci, muka zauna da maiɗakina a tsakar gida. Ta ce, "Abban yara, ni ban hana ka ba, kuma ba zan hana ka ba. Abin da nake so shi ne ka bar mana abinci a ɗaki, kada in riƙa aika yaro awo da kwano kana wata duniya." Ta kuma ce alkawarin hutu a ƙauye yana nan, domin ta riga ta gaya wa yara, babban har ya fara tambayar ko za a bar shi ya riƙe igiyar shanu. Maganarta ta daidaita mini tunani. Na daina kallon gonar da tafiyar a matsayin kishiyoyi, tunda idan tafiyar ta tabbata, masarar nan ce za ta riƙe gidan a watannin farko kafin in fara aiko da wani abu.

Asabar, 14 ga Yuni

An yi shuka. Daren Alhamis aka kwana ana ruwa, da safe Baffa ya tona ƙasa da hannu ya ga danshi ya wuce tsawon tafinsa, ya kira ni ya ce ruwan shuka ya samu. Jiya aka baje taki aka yi huɗa da garmar shanu, ni kuma na taso daga Kano bayan Juma'a na kwana a gida.

Na zo da igiya mai ƙulli a kowace santimita 25, kunya da kunya kuma santimita 75, wanda zai ba da tsiro kimanin 53,000 a hekta idan an bar ɗaya a kowane rami. 'Yan ƙwadago ba su so igiyar ba, domin sun saba da taki ɗaya rami ɗaya, ƙwaya uku ko huɗu, su wuce. Babbansu ya ce mini, "Malam, wannan ai aikin kwana biyu ne ka kawo mana." Na ƙara musu kuɗi, na kuma shiga layi tare da su, ina saran rami ɗan Baffa yana jefa iri yana takewa da diddige. Kafin la'asar bayana ya riƙe, hannuna ya yi kanta biyu, amma layukan sun fita sambal kamar an ja su da alli. Dawar Inna ita aka fara sakawa, da bisimillar Baffa.

A hanyar komawa na yi lissafi. Masarar nan tana buƙatar kimanin wata uku da rabi, wato sai ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba za a karye ta. Idan takarda ta fito, zan bar ta tana goyo, ba zan ga ko totuwa ɗaya ba.

Asabar, 28 ga Yuni

Bayan tsiro ya fito sai ruwa ya ɗauke kwana tara, ganye ya fara naɗewa da rana, Baffa yana kira kullum da muryar da ba ta da daɗi. Daren Laraba Allah ya kawo ruwa mai yawa. Yau muka cire tsiron da ya yi yawa, muka cike gurbin da bai fito ba, muka sa kamfa. Na dage a kan a tona ɗan rami a gefen kowane tsiro a binne takin, domin wanda aka watsa a sarari rabonsa rana ta sha ko ruwa ya tafi da shi, mu kuma buhu biyar ɗin nan ba mu da na shida. Da yamma aka shuka waken suya a kusurwar gabas.

Juma'a, 4 ga Yuli

Na dawo daga Abuja jiya da dare bayan kwana huɗu. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar ƙasashen da suke karɓar hatimi guda a kan takardun juna, saboda haka sai da shaidar digirina ta bi ta Ma'aikatar Ilimi, ta bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ta isa ofishin jakadancin Sin. Takardar 'yan sanda ta fito, fasfo ya fito, an yi mini hoton ƙirji da gwajin zuciya da na jini, an cike fom ɗin lafiya an buga hatimi a kan hotona. Na ɗauki hoton komai na tura da asuba.

Kuɗin mota da masauki da hatimai sun cinye abin da na ware domin noman farko da feshi. Na gaya wa Yaya ba tare da kwana-kwana ba, ya turo ba tare da ya ce uffan ba. Na rubuta adadin a bayan wannan kundi domin in biya shi, da kuɗin Sin ko da masara.

Asabar, 19 ga Yuli

Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo ƙasar nan a 2016 ta sauka a gonar. Ɗan Baffa ne ya fara lura da ganye mai huji-huji, da na buɗe kan wata masara sai na tarar da kashinta kamar garin katako, ita kuma tana kwance can cikin zuciyar tsiron. Mun bi layi-layi muna dubawa, muka ga ɓarnar ta fi yawa a gefen yamma. An yi feshi da yamma lis, lokacin da take fitowa ci, ana saita bakin famfo cikin kan masarar kai tsaye. Yau da safe muka sa yuriya, mako biyar cif da shuka, aka bi da garma aka tayar da kunya aka rufe ta.

Bayan azahar na zaunar da Baffa da ɗansa a zaure, da limamin unguwa a matsayin shaida, muka yi maganar da nake ta jinkirtawa. Idan na tafi, ɗan Baffa ne zai tsaya a kan karyar masara da yankan wake da sussuka, ladansa buhu ɗaya cikin kowane goma, ban da kuɗin 'yan ƙwadago. Za a bar masara ta bushe sosai kafin a zuba ta a buhunan nan masu leda biyu a ciki, waɗanda suke kashe ƙwari ba tare da magani ba. Kason Inna a fara fitarwa, sannan na gidan Yaya da nawa. Baffa ya ce, "Ɗana, tsakaninmu har sai an rubuta?" Na ce, "Baffa, ba don rashin yarda ba ne, don kada nisa ya sa a yi ta tambayar juna ne." Liman ya goyi bayana, aka rubuta da ajami da boko, kowa ya sa hannu.

Asabar, 2 ga Agusta

Mun tare a ƙauye tun ranar Laraba, bayan na miƙa sakamakon jarrabawar zango na uku. Yara sun bazu cikin gari kamar a nan aka haife su, babban ya riƙe igiyar shanun da yake mafarki, ƙaramar kuma ba ta rabuwa da gindin Inna. Marka ta kankama, masara ta wuce kaina, ganyenta ya yi duhu, tsutsa ta lafa, waken suya ya rufe ƙasa. Na sami ƙuduji guda goma sha ɗaya a layin dawa, na tumɓuke su tun kafin su yi fure na ƙone su a bakin hanya.

Daga Beijin saƙo ɗaya ne ya zo, gajere, ranar 22 ga Yuli. Hukumar jami'a ta amince, an shigar da neman izinin aiki, amma jami'ar tana hutun bazararsu har ƙarshen Agusta, ma'aikaci ɗaya ne yake leƙa ofis, kuma ba za su iya yanke mini rana ba. Lissafina shi ne idan takardar ba ta iso ba zuwa tsakiyar wannan wata, zai yi wuya in sami biza, in yanki tikitin jirgin da ke bi ta Adis Ababa, in kuma nemi hutu ba albashi a wurin aiki cikin mutunci kafin a koma makaranta. Ban kai takardar neman hutun ba tukuna, tana cikin jakata a rubuce, babu kwanan wata. Ina son aikin nan ƙwarai, kuma kullum ina roƙon Allah a kansa bayan kowace salla.

Aikin kalmomi ya fara tafiya fiye da yadda na zata. Na zauna sau uku da wani dattijo da ya haura tamanin, wanda ya yi noma tare da kakanmu, kuma na riga na cika shafi goma sha tara. Ya bambanta mini binne, wato shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa ana jiran ruwa, da shukar da ake yi bayan ruwa ya sauka. Ya ba ni firi da maimai, da gyauro mai fitowa da kansa daga zubin bara, da saura wadda aka bari ta huta, da karmami da zangarniya da ƙaiƙayi. Ya nuna mini yadda suke duban taurarin kaza da 'ya'yanta a sama su san inda shekara ta kai. Da na gaya masa wataƙila in kai waɗannan kalmomi wata ƙasa mai nisa in koya wa 'ya'yan mutanen can, sai ya gyara zama ya ce, "To sake kunna abin naka, malam, akwai waɗanda na manta ban faɗa ba."

Waya ba ta kamawa a cikin gari sai a kan tudun da ke arewa da gonarmu, gindin wata tsohuwar kuka. Kowace safiya da ƙarfe bakwai, lokacin da ƙarfe biyu na rana ta yi a Beijin, nakan hau can in buɗe akwatin saƙo, in jira ya gama juyawa, sannan in gangaro in ɗauki fartanya. Yau ma na hau, babu komai. Da na gangaro sai na ga masara uku a layin farko sun fitar da kai. Jibi Litinin za mu shiga ciro ciyawa a cikin wake, da la'asar kuma dattijon ya ce in zo da littafina, zai ba ni sunayen iskokin damina.